Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Makarantun Sakandare Na Zariya: A Kai Yaranmu Badagry

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabannin makarantunmu na cikin birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru da Wusasa, na gwamnati da masu zaman kansu, tare da shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai. Bayan gaisuwa da fatan an shiga zangon karatu lafiya, ina neman ku ara mini kunnuwanku kan wata magana da ba ta cikin jadawalin jarrabawa. Da yawanku tare muka sha ƙurar alli, wasunku kuma sun zauna a gabana a aji, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Maganar balaguron ɗalibai ce, wanda ake karɓar kuɗinsa a hannun iyaye kusan kowace shekara. Kowa ya san yadda abin ya koma. A cika mota da yara da sassafe, a nufi Kano ko Abuja, a shiga wani katafaren kanti mai matakalar da ke tafiya da kanta, a sha askirim, a ɗauki hotuna, a dawo bayan magariba kowa ya yi lis. In an yi ƙoƙari a leƙa gidan zu. Washegari ka tambayi yaro abin da ya gano, sai ya ce maka, "Malam, wallahi wurin ya haɗu." Ba na ƙyashin yaro ya sha iska, hakkinsa ne. Amma a takardar da kuke aika wa iyaye balaguron ilimi kuke rubutawa, kuma da wannan sunan uba ke ciro kuɗin da ya tara da gumi.

Roƙona shi ne, ko da sau ɗaya ne kafin yaro ya gama sakandare, a kai shi Badagry. Gari ne a yammacin jihar Legas, daf da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin. Yana zaune a bakin wani dogon tafki da ya biyo gefen teku tun daga ƙasar Benin har cikin Legas, kuma tsakanin tafkin da tekun Atlantika akwai siririn tudun rairayi cike da itatuwan kwakwa. Mafi yawan mutanen garin Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun, tare da Yarabawa, sarautarsu kuma Akran. Masunta ne da manoman kwakwa da 'yan kasuwar kan iyaka. Muna sa yara su haddace cewa gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, su rubuta a jarrabawa su ci maki, alhali babban ruwan da yawancinsu suka taɓa gani shi ne dam ɗin jami'a, ko Galma in ta yi ambaliya a watan Agusta.

Da ganin teku kawai nake so, da na ce a tsaya a cikin Legas, an rage wahalar hanya. Abin da ya sa na nace sai Badagry shi ne akwai tsohuwar hanya tsakaninsa da ƙofar gidanmu, kuma yaranmu ba su san da ita ba.

A watan Disamba na 1825 Kyaftin Hugh Clapperton ya taso daga Badagry da baransa Richard Lander, suka yo arewa. Suka bi ta Katunga, tsohuwar fadar Oyo, suka ƙetare Kwara a yankin Busa, suka ratsa ƙasar Nufe, suka shigo Zariya da daminar 1826, zamanin Sarkin Zazzau Yamusa, kafin su wuce Kano. Me ya kawo su? A 1824 Clapperton ya riga ya je Sakkwato ta hamada, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma Ingila da wasiƙarsa zuwa ga Sarki George na huɗu. A cikin abin da suka tattauna har da hana fatake kai bayi bakin teku su sayar wa Turawa. Wannan maganar ce ya dawo ya ƙarasa, amma ya iske al'amura sun sauya, Sakkwato na rikici da Barno, kuma ajali ya riske shi a kusa da Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

Lander ya rage shi kaɗai da takardun maigidansa. Da ya baro Kano sai ya yanke shawarar ya yi kudu ya nemi inda Kwara ke faɗawa teku. Mahayan Sarkin Zazzau ne suka bi sawunsa suka juyo da shi zuwa Zariya, daga baya aka sallame shi ya bi hanyar da suka zo. Ya isa Badagry a watan Nuwamba na 1827, inda dillalan bayi 'yan Fotugal suka yi masa sharrin ɗan leƙen asiri, manyan gari suka sa aka ba shi guba ya sha a matsayin rantsuwa. Ya sha, ya koma masauki ya amayar, ya tsira. A cikin wannan ayari akwai wani Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Shi an taɓa kama shi an yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har bakin teku, aka loda shi a jirgin bayi, jirgin yaƙin Ingila ya tare su a ruwa ya sake su, daga nan ya zama tafinta ya dawo ƙasar Hausa da ƙafarsa. Ku gaya mini, wane yaro ne zai yi gyangyaɗi a aji in ana ba shi wannan labari, balle a ce yana tsaye a garin da abin ya faru?

Abubakar ya dawo. Dubbai ba su dawo ba. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, na jihadi a nan arewa da na rugujewar daular Oyo, sun tura kamammu masu yawa zuwa tashoshin Legas da Badagry da Porto-Novo da Wida, kuma da yawansu Hausawa ne da Nufawa da Barebari. Akasarinsu jihar Bahia ta Barazil aka kai su noman rake da dako. A can Hausawa suka ƙulla tawaye a 1807, suka sake tayarwa a 1814. A daren 24 zuwa 25 ga Janairu na 1835, a ƙarshen watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador. Yarabawa ne suka fi yawa a cikinsu, amma akwai Hausawa da Nufawa. Da aka murƙushe su, an sami layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe, wasu takardun suna nan ajiye a can har yau. Wato almajirai ne da suka yi karatun allo a garuruwa irin namu.

Yanzu ga ɓangaren da na san wasunku za su ce a bar kaza cikin gashinta. Idan muka kai yara Badagry don kawai su tsine wa Bature su dawo, mun yi asarar kuɗin mai. A labarin Hausa Bakwai da muke koya musu tun firamare, an ce Kano da Rano sarakunan baba ne, Katsina da Daura na kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau kuma sarkin bayi. Mukan karanta wannan layin da sauri mu wuce. Amma gaskiya ce ta tarihi cewa daga ƙasar nan ake fita hari kudu da rani, ana kamo mutane, ana zuba su a rumada suna noma, ana aika wasu Sakkwato a cikin gaisuwar shekara, ana sayar da wasu ga fataken hamada, wasu kuma su gangara ta Nufe da Ilori har su kai bakin ruwa. Mafi yawa ba su ga teku ba, a nan suka rayu suka mutu, amma kasuwar ɗaya ce, bakinta ne da yawa. Hatta kuɗin wurin da kakanninmu ke ciniki da shi, wanda har yanzu ake gani a wuyan jarirai da jikin ƙwarya, ba a Kubanni aka tsinto shi ba. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya jiragen Turawa ke jibgo shi a waɗannan tashoshi, kuma mutane na daga cikin manyan abin da ake biya da shi. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta fataucin bayi a 1807, Barazil ta rufe ƙofarta a 1850 ta soke bautar gaba ɗaya a 1888. Mu a nan arewa, sai a 1901 aka yi dokar cewa duk ɗan da aka haifa daga lokacin ɗa ne ba bawa ba, kuma sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata. Ba zamanin Fir'auna ake magana ba.

Na san abin da kuke tsoro, kuma tsoron yana da dalili. A aji ɗaya akwai jikan wanda ya fita hari da jikan wanda aka kamo, akwai yaro daga kudancin Kaduna wanda kakanninsa suka hau duwatsu don gudun mahaya, akwai wanda ake yi wa gidansu raɗa in maganar aure ta taso. Malami marar dabara zai iya mayar da darasin filin gori. To amma yaran nan suna jin maganar ko mun yi ko ba mu yi ba. Suna jin ta a bakin tsofaffi ranar da aka hana wata yarinya wani saurayi, suna karanta ta a Facebook a hannun waɗanda ba su da niyyar alheri. Gara su ji ta a bakin malamin da zai ce musu babu wanda ya zaɓi gidan da aka haife shi, babu kuma wanda za a tuhuma da laifin kakansa, amma abin ya faru kuma ga yadda ya faru. An cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan azuzuwa na tsawon shekaru kafin a dawo da shi, kuma mun ga irin samarin da wannan giɓi ya haifar.

A cikin garin wuraren tarihi kusa suke da juna, da ƙafa ma ana zagaya su. Akwai gidan tarihi na gwamnati a wani gini na 1863, shekarar da Badagry ya shiga hannun Ingila. Akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi na zuriyar Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙi da mari da ƙarafan da ake ɗaure wuya da su. Ɗan rakiya yakan miƙo maka sarƙar ya ce ka ɗaga. Ranar da na je, na iske 'yan wata makaranta suna layi, ana rataya wa kowa a wuya ana ɗaukar hoto ana shewa, har aka zo kan wata yarinya 'yar firit. Da nauyin ƙarfen ya sauka a kafaɗarta sai gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta kai hannu biyu ta tallafe shi, dariyar ta tsaya cak. Daga nan ɗan rakiyar ya ɗauko wani mari ƙarami wanda bai fi zagayen munduwa ba, ya ce na yara ne. Ina roƙonku, in kun kai namu, su taɓa, su ɗaga, su ji nauyin, amma a ajiye wayoyi. Ba wurin hoto ba ne.

Sai gidan Seriki Williams Abass, wanda shi ne wurin da ya fi tsaya mini a rai. Mutumin nan shi kansa kama shi aka yi yana yaro aka sayar, aka kai shi Barazil, ya dawo ya zama dillalin bayi, ya yi arziki, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan. Ɗakunan tsare bayi suna nan a jere, wasu ma yanzu mutane ne ke zaune a ciki. Wanda ake buɗe wa baƙi ɗan ƙurƙut ne, babu taga sai wata 'yar kafa can sama kusa da rufi, kuma 'yan rakiya suna cewa har mutum 40 ake cusawa a irinsa. Da aka tura ƙofar muna ciki, mu da ba mu kai rabin haka ba, kafin a ƙirga ashirin gumi ya jiƙa mini taguwa. Yaron da ya fito daga ɗakin nan zai tambaye ka yadda aka yi wanda ya ɗanɗani bauta ya juyo yana sayar da wasu, da kuma yadda hakan ya zauna da salla da azumi. Kada malami ya yi saurin toshe masa baki. Tambayar ce muka biya kuɗin mota dominta.

Daga nan ake shiga kwale-kwale mai inji a ƙetare tafki zuwa Gberefu, 'yan mintoci kaɗan. Sai tafiyar ƙafa a kan rairayi mai zafi da ke nutsar da sawu, ta tsakiyar ciyayi da kwakwa, hanyar da aka ce ita bayi ke bi a ɗaure. A tsakiya akwai wata rijiya da mutanen garin ke cewa ana tilasta musu shan ruwanta don su manta da gida. Tun kafin ka ga teku za ka fara jin rugugi, ka ɗauka hadari ne ke tasowa, sai ka haura ɗan tudu ka gan shi shimfiɗe babu ƙarshe. Nan ne wurin da suke cewa in an kai mutum ba ya dawowa.

Ba duk abin da ɗan rakiya ya faɗa ne za a haɗiye ba, kuma wannan ma darasi ne. Za su ce muku an kafa garin a 1425, kasuwar bayi ta Vlekete kuma tun farkon ƙarni na 16. Masana da suka bi takardun kamfanonin Turawa suna ganin garin bai zama babbar tasha ba sai wajen 1736, lokacin da wani ɗan kasuwa Baholande mai suna Hertog ya kafa sansani a can. Za su nuna muku laima su ce an musanya ta da mutum 40. Bari yaro ya rubuta duka, ya dawo ya tambayi kansa wace hujja ce ke bayan kowace magana, wa ya faɗa, yaushe, me zai samu in an yarda. Haka muke fama da labarin Sarauniya Amina a nan gida, tsakanin abin da tsofaffi suka ce da abin da aka rubuta.

Za kuma a kai ku wani bene da aka kammala a 1845, a ce muku shi ne bene na farko a Najeriya. Bazazzagi dai sai ya yi murmushi, don hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi da ƙarnuka, kuma a shekarun da ake aza tubalinsa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya riga ya nuna abin da ƙasa da azara za su iya a masallacin Juma'a na birni, zamanin Sarki Abdulkarimu. A ce na farko a irin ginin Turawa, sai mu yarda. Amma ginin yana da nasa muhimmanci. A Badagry ne Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a gindin wata itaciya a watan Satumba na 1842, kuma a benen nan Samuel Ajayi Crowther ya zauna, wanda shi ma yaro ne da aka ƙwato daga jirgin bayi. Ƙungiyar mishan ɗin da ta gina shi, CMS, ita ce ta turo Dakta Walter Miller Zariya a 1905, aikin da ya koma Wusasa a 1929 da coci da asibiti da makaranta. Ɗalibanmu Kiristoci za su ga mafarin abin da suka gada, Musulmi kuma su ga ta inda boko ya fara shigowa.

Malaman labarin ƙasa, ku ma ga rabonku. Tudun rairayin Gberefu bai kai tsayin na Tulo-Tulowa a Yusufari ta jihar Yobe ba, amma aikin da yake yi babba ne: shi ne katangar da ta hana teku shiga tafki da gari. Igiyar ruwa ce ke kwaso rairayin tana tura shi daga yamma zuwa gabas, iska ta tara shi, ciyawa mai yaɗo da saiwar kwakwa su riƙe shi. In aka tare masa hanya ko aka kwashe shi, teku ya ci gaba. Misalin yana nan kusa: ganuwar duwatsu da Turawa suka gina a mashigar tashar jiragen Legas tsakanin 1908 da 1912 ta tare rairayin daga yamma, sai gaɓar Bar Beach da ke gabas ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titi, wurin da yanzu aka cike ake gina Eko Atlantic. Mu a arewa rairayi ne ke biyo mu yana binne gonaki, su can gudu yake yi ya bar su. Yaron da ya fahimci wannan zai kalli tifofin da ke kwasar yashi a rafukan Zariya da wani ido daban. Ga kuma cikowar ruwa da janyewarsa sau biyu a yini da kwana saboda jan wata, abin da muke zanawa a allo yara na kallonmu kamar muna tatsuniya. A can sanda kawai za a kafa a bakin ruwa da safe, a dawo da azahar a duba.

To, sai maganar da in ba za ku kiyaye ta ba, gara a fasa tafiyar. Teku ba Kubanni ba ne. Yaron da ya fi kowa iyo a kududdufin unguwa shi ne ya fi shiga haɗari, don shi ne zai cire riga ya ruga. A gaɓar nan akwai wuraren da ruwan da ya bugo tudu ke tattaruwa ya koma ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, kuma daga sama wurin ne ya fi kama da kwantacce. In ya ja mutum, ƙoƙarin yin iyo kai tsaye zuwa tudu ne ke gajiyar da shi ya nutse. Masunta sun san sai dai a bi gefe a fita daga layin. Yaranmu ba su da wannan sanin, kuma rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa zamewa yake yi duk lokacin da igiya ta koma. Doka ɗaya ce: babu mai wuce idon sawu, babu mai juya wa ruwa baya don hoto, malamai su tsaya tsakanin yara da teku, kuma a nemi masunci ɗan wurin ya tsaya tare da ku, a biya shi. 'Yan mata masu dogon hijabi a ja musu kunne sosai, don tufa in ta jiƙe nauyi take yi.

Haka wajen ƙetare tafki. Kowane yaro da rigar kariya a jikinsa, a ɗaure, ba a riƙe a hannu ba. Kada a yarda a yi lodi fiye da kima don a rage sawu, kada a shiga ruwa in rana ta yi sanyi. Ba mu manta da Bagwai ba, inda jirgi ya kife da 'yan Islamiyya a ƙarshen 2021.

Hanya tana da nisa, ta doshi kilomita dubu, kuma kun fi ni sanin halin da hanyoyinmu ke ciki. A yi ta a yini biyu, a kwana a hanya, kada a yi tafiyar dare ko da direba ya rantse. Wace hanya za a bi, ta Jebba da Ilori ko ta Abuja da Lakwaja, a bar wa jami'an tsaro da direbobin da ke bin ta kullum su ba da shawara a makon tafiyar, ba wata uku kafin nan ba. Ko ta ina aka bi za a ƙetare Kwara a kan gada, a tsaya yara su gan ta. An ƙaddamar da aikin sabon titi mai tsawon kilomita 1,068 daga Illela ta jihar Sakkwato zuwa Badagry a 2024. Ba ta Zariya zai bi ba, kuma ba shi za mu zauna jira ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun Disamba ko farkon shekara, don daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama da haukan teku sun yi yawa. Ku gaya wa iyaye su bar rigunan sanyi a gida, can zufa ce ko da hunturu. Batun masauki, a Badagry akwai kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON a Topo, da ƙauyen koyon Faransanci a Ajara inda ɗaliban jami'o'inmu ke zuwa. A rubuta musu da wuri a ji ko za su iya saukar da ɗalibai lokacin hutu. Ga kuma 'yan'uwanmu mazauna Agege da Alaba Rago da sarakunan Hausawansu, waɗanda in an sanar da su ba za su bari yaran Zazzau su kwana da yunwa ba.

Kuɗi ne za ku ce, kuma da gaskiyarku. Shi ya sa ban ce kowace makaranta ta tashi ita kaɗai ba. Makarantu uku ko huɗu su haɗa mota ɗaya, kowace ta kawo 'yan kaɗan. A daina tafiyar kanti na shekara biyu a tara kuɗin. Iyaye su yi adashi tun farkon shekarar karatu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, irin na Barewa da Alhudahuda da Kufena, suna da mutanen da kuɗin motar nan bai kai abin da suke kashewa a walima ɗaya ba, kuma na tabbata in an kai musu tsari a rubuce za su duba. Abin da nake jin tsoro shi ne abin ya zama na 'ya'yan masu hali. A zaɓi yara da rubutu: kowa ya rubuta shafi biyu kan abin da ya sani game da tarihin unguwarsu ko ƙauyensu, malamai su tace ba tare da ganin suna ba, wanda ya ci ya tafi ko ubansa ɗan garuwa ne. Kuma rabin kujerun na 'yan mata ne, da malamai mata masu kula da su, da masauki daban. Na san akwai iyayen da ba za su bari ba. A je gida a yi musu bayani, wanda ya ƙi a ƙyale shi ba tare da tsangwama ba.

Kafin mota ta tashi, a yi wa yaran Asabar biyu a nan gida, wannan kam ba ya cin ko sisi in ban da kuɗin ruwa. A bi ganuwa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan su ga abin da ya rage, a shiga masallacin Juma'a su ɗaga kai su ga bakan gizon Babban Gwani, a je Wusasa, a hau Kufena. A nemi malami daga sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ya zo ya zana musu hanyar fatake a taswira, zango bayan zango. In sun dawo daga Badagry kuma, kada rahoton ya ƙare a durowar shugaban makaranta. Su tsaya a gaban taron iyaye su faɗi abin da suka gani, da Hausa, don uwar da ta sayar da akuyarta ta ji inda kuɗinta ya tafi.

Ba ni da mota, ba ni da otal, ba ni da ɗan'uwa mai kwale-kwale. Ina roƙon ku sa wannan magana a ajandar taronku na gaba, ku naɗa mutum uku, malamin tarihi da na labarin ƙasa da uwa ɗaya daga cikin iyaye, su kawo muku lissafin kuɗi da tsarin tsaro kafin ƙarshen zango. In ana bukatar wanda zai tsara darussan Asabar ɗin nan, ni da wasu abokaina da muka ajiye aiki a shirye muke, kyauta.

Allah Ya taimake ku a kan amanar da ke hannunku. Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi,
Tudun Wada, Zariya.